Jagorar kula da kai bayan dashen gashi, daga daren farko zuwa cikar shekara

Aikin dashen gashi yakan cinye yini guda a hannun likita, amma cikakken sakamakonsa ba ya bayyana sai an kai shekara, kuma kusan duk abin da ke faruwa a tsakani a gida yake faruwa, inda babu likita a kusa. Abin da ya sa wannan zango yake da wuya shi ne, yawancin abubuwan da ke tayar da hankali, irin su kumburin fuska da zubewar gashin da aka dasa, ba su da wata illa, alhali kuwa abubuwan da ke iya ɓata aikin, kamar sosa kai da farce ko komawa ga shan taba, ba a cika ɗaukarsu a bakin komai ba. Saboda haka wanda aka yi wa dashe yana buƙatar ya san abin da zai kiyaye, da abin da zai ƙyale ya wuce da kansa, da kuma abin da zai sa ya nemi likita ba tare da ɓata lokaci ba. Likitoci sun ɗan bambanta wajen ƙayyade ranaku, don haka duk inda bayanin da ke nan ya saɓa da umarnin likitan da ya yi aikin, nasa za a bi, domin shi ne ya ga fatar kuma ya san abin da ya yi mata.

Abin da aka yi wa fatar kai

Gashi yana fitowa ne a ƙananan rukunoni, kowane rukuni da sili ɗaya zuwa huɗu. Waɗannan rukunoni, tare da saiwarsu da ɗan naman da ke kewaye da ita, su ake cirowa daga ƙeya da gefen kai a dasa a inda sanƙo ya ci. Ana zaɓar ƙeya ne saboda gashinta bai cika jin tasirin sinadarin DHT ba, wanda shi ne ke sa saiwar gashin goshi da ta tsakar kai ta riƙa ƙanƙancewa ga masu sanƙon gado, kuma tun a 1959 wani likitan fata na Amurka, Norman Orentreich, ya nuna cewa gashin da aka ɗauko daga ƙeya yana riƙe halinsa a duk inda aka kai shi. Hanyoyin cirowa biyu ne. A hanyar FUT ana yanko siririyar fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, sannan a rarraba saiwoyin, kuma tana barin tabo guda mai tsawo. A hanyar FUE kuwa ana zaro rukunonin ɗaya bayan ɗaya da wata ƴar na'ura mai baki da faɗinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba, kuma tana barin ɗigon tabo masu yawa a warwatse.

Ko ta wace hanya aka bi, saiwar da aka dasa tana zaune ne cikin ɗan ƙaramin rami, kuma a kwanakin farko babu jijiyar jini ko ɗaya da ke ciyar da ita. Daga ruwan jikin da ke kewaye da ita take samun abin da take rayuwa da shi, kuma daskararren jini ne kawai yake riƙe da ita, kamar tsiron da aka dasa jiya wanda saiwarsa ba ta kama ƙasa ba tukuna. A 2006 likitoci biyu, Robert Bernstein da William Rassman, sun wallafa sakamakon wani bincike da suka yi a kan lokacin da saiwa take kamawa. Sun gano cewa a kwana biyun farko duk silin da aka ja yana fitowa da saiwarsa, cewa ɓanɓaro ɓawon da ya manne yana fitar da saiwar har zuwa kwana na biyar, cewa daga kwana na shida jan silin ba ya tumɓuke ta, kuma a kwana na tara ta riga ta zauna daram. Duk tsauraran dokokin kwana goman farko daga nan suka samo asali.

Kafin a bar asibiti

A karɓi umarni a rubuce, domin abin da aka faɗa da baki bayan doguwar tiyata yakan shige ta kunne ɗaya ya fita ta ɗayan. A tambayi adadin saiwoyin da aka dasa, da sunan kowane magani da aka bayar da amfaninsa, da ranar wankin farko, da lambar da za a kira idan wani abu ya taso cikin dare. Wanda ya yi tafiya mai nisa don a yi masa aikin ya karɓi rahoton tiyata, kuma ya tanadi likitan da zai gani idan ya koma gida. Kada mutum ya tuƙa mota da kansa a ranar, musamman idan an ba shi maganin kwantar da jiki. Ya sa riga mai maɓalli a gaba, wadda ba sai an zura ta ta kai ba, kuma ya ci gaba da sa irinta har mako guda. Sai kuma ya kula sosai wajen shiga mota da wucewa ta ƙarƙashin duk wani abu mai gajarta, domin allurar kashe zafi ba ta gama sakinsa ba, zai iya bugewa da ƙarfi bai ji ba.

Dare uku na farko

A kwanta rigingine, a tada kai da kafaɗu da matashi biyu ko uku har su kai kamar rabin zaune, yadda wurin dashen ba zai taɓa komai ba. Matashin wuya irin na matafiya yana da amfani ƙwarai, domin yana hana kai juyawa cikin barci. A shimfiɗa tsaftataccen ƙyalle a kan matashin, saboda ƙeya takan ɗan yi naso na jini da ruwa a daren farko, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Idan wani wuri ya ci gaba da zubar da jini, a ɗora tsaftataccen bandeji a danna a hankali har minti goma ba tare da ɗagawa don leƙawa ba, kuma ba tare da gogawa ba. Idan an yi haka sau biyu bai tsaya ba, a kira asibiti.

Ciwon da ake ji yawanci a ƙeya yake, kuma farasitamol ko abin da likita ya rubuta yakan wadatar. Kada a sha asfirin ko ibufurofen sai da izinin likita, domin suna iya ƙara zubar jini. Amma wanda dama yake shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya ko wata cuta, kada ya dakatar da shi kuma kada ya koma masa bisa ra'ayin kansa, wannan magana ce tsakanin likitan dashe da likitan da ya ɗora shi a kan maganin. Idan an bayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanye shi yadda aka tsara. Asibitoci da yawa suna bayar da ruwan gishiri na asibiti a kwalbar fesawa, wanda ake fesa wa wurin dashen bayan kowane ƴan sa'o'i don kada ya bushe, kuma yin hakan yana rage kaurin ɓawon da zai fito.

Kumburi yakan fara a rana ta biyu ko ta uku. Ruwan da aka ɗura a ƙarƙashin fata lokacin aiki ne yake gangarowa ƙasa, ya fara da goshi, ya sauko tsakanin gira, wani lokaci har ya kumbura fatar ido ta yadda mutum zai tashi da safe ya ga fuskarsa ta sauya. Yakan fi tsananta wajen rana ta uku ko ta huɗu, ya sace cikin mako guda, kuma ba ya taɓa saiwoyin da komai. Ana iya ɗora ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle a kan goshi, can ƙasa da layin gashin da aka dasa, na minti goma a kowane karo, amma ko kusa kada ta taɓa wurin dashen. A rage sunkuyawa: a ɗaga waya zuwa saitin ido maimakon a duƙar da kai gare ta, kuma idan za a ɗauki abu a ƙasa a durƙusa da gwiwa, kai yana tsaye.

Wankin kai

A ganina nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren kashi biyu ne masu kishiyantar juna. Akwai mai wankewa da ƙarfi kamar yadda ya saba, akwai kuma wanda tsoro ya hana shi taɓa kan gaba ɗaya, har ɓawo ya taru ya yi kauri ya zama mafakar ƙwayoyin cuta. Wankin yau da kullum wani ɓangare ne na jinya, kuma yawanci ana fara shi tsakanin rana ta biyu da ta huɗu, gwargwadon tsarin asibitin.

Ga yadda ake yinsa a makon farko. A fara wanke hannu da sabulu. Idan an bayar da mai ko kumfar da ke tausasa ɓawo, a ɗora shi a kan wurin dashen ta hanyar dangwalawa da tafin yatsa, a bar shi ya jiƙa na tsawon lokacin da aka faɗa. A tanadi ruwa mai ɗumi kaɗan a kofi, wanda idan aka zuba shi a bayan hannu ba a jin zafinsa, domin fatar kan ba za ta iya faɗa wa mutum cewa ruwan ya yi zafi ba. A zuba shi a hankali daga kusa da kai, ya gangara bisa wurin da kansa. A zuba shamfu mai laushi, irin wanda asibiti ya bayar ko na jarirai, a tafin hannu, a murza shi a can har ya yi kumfa, sannan a ɗora kumfar a kan wurin dashen ana ɗan dannawa ana ɗagawa. Yatsa ya sauka ya tashi, kada ya ja gefe ko ya zagaya. Ita ƙeya ana iya ɗan murza ta a hankali, sai dai a bi layin ɗinki da kulawa idan akwai shi. A ɗauraye da kofi har kumfa ta ƙare, kuma kada a tara kai a ƙarƙashin ruwan shawa mai ƙarfi. Wajen busarwa, a ɗora takarda mai laushi ta tsotse ruwan ko a bar iska ta busar, domin zaren tawul yakan maƙale a ɓawo ya fizgo shi. Na'urar busar da gashi mai iska mai zafi ba ta da wuri a nan.

Daga kwana na bakwai zuwa na goma, bisa izinin likita, ana fara zagaya tafin yatsa a hankali bayan an bar ɓawon ya jiƙa sosai, kuma a nan ne zai fara sauka da kansa. Ana sa ran kai ya tsarkaka daga ɓawo tsakanin kwana 10 zuwa 14. Idan ya wuce mako biyu yana nan daram, alama ce ta cewa wankin ya yi sanyi da yawa, sai a ƙara lokacin jiƙawa, amma farce ba ya shiga aikin ko a wane mataki.

Tambayar da ta fi damun mutane a wannan lokaci ita ce, idan an ga ɓawo ya faɗo da ɗan gajeren gashi a jikinsa, shin saiwar ce ta fita? Saiwar da ta tumɓuke da gaske a kwanakin farko takan fito da ɗan nama mai laushi, kuma ramin da ta bari yakan yi jini nan take, har ya ɗan gangaro. Idan kuwa busasshen ɓawo ne da sili a ciki, ko da akwai ɗan farin ɗigo a gindin silin, kuma babu jini, to silin ne kawai ya fita, saiwar tana ƙarƙashin fata. Ko da an rasa saiwa ɗaya ko biyu cikin dubbai, ido ba zai gane ba, kuma bai kamata a yi ƙoƙarin mayar da ita da hannu ba.

Ƙaiƙayi da ƙeya

Ƙaiƙayi yakan taso daga ƙarshen makon farko, a wurin dashen da kuma ƙeya, kuma alama ce ta warkewa da bushewar fata. Fesa ruwan gishiri na asibiti, musamman wanda aka ɗan sanyaya, yana kwantar da shi, kuma likita na iya rubuta maganin ƙaiƙayi na sha idan ya hana barci. A yanke farce gajere tun daga ranar farko, domin hannu yakan kai kai cikin barci ba da sanin mai shi ba.

Ramukan FUE sukan rufe cikin mako guda zuwa kwana goma. Ɗinkin FUT kuwa ana cire shi ne tsakanin kwana 10 zuwa 14, idan ba zare mai narkewa aka yi amfani da shi ba, kuma wanda aka yi wa wannan hanya ya guji duk abin da zai ja fatar ƙeya, kamar lanƙwasa wuya gaba da ƙarfi ko ɗaga kaya masu nauyi, na tsawon makonni, domin jan fatar ne yake sa siririn tabo ya faɗaɗa. Rashin jin taɓi a wasu sassan kai, ko jin tsira-tsira kamar ana tsikara da allura, ya zama ruwan dare saboda an yanke ƙananan jijiyoyin fata, kuma yakan dawo daidai cikin makonni zuwa watanni.

Abubuwan da ake jinkirtawa

Taba ce kan gaba. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka, a daidai lokacin da rayuwar kowace saiwa ta dogara ga sababbin jijiyoyin da ke ƙoƙarin isa gare ta. Shisha da sigarin lantarki mai nikotin duk hukuncinsu ɗaya. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne mako biyu, wata guda ya fi, kuma wanda ya iya haƙura da ita wata guda ya samu dama mai kyau ta rabuwa da ita gaba ɗaya. Barasa ma ana barin ta a kwanakin farko, saboda tana ƙara zubar jini kuma ba ta jituwa da wasu magunguna.

Tafiya a ƙafa a hankali ba ta da laifi bayan kwana biyu ko uku. Duk abin da ke sa gumi mai yawa ko yunƙuri ana ɗage shi zuwa mako biyu, ɗaga ƙarfe da wasannin da ake iya buguwa a kai kuma zuwa wata guda ko fiye. Iyo, ko a tafkin wanka ko a buɗaɗɗen ruwa, sai bayan wata guda. Rana mai zafi tana ƙona sabuwar fata cikin sauƙi, ga shi mai ita ba lallai ya ji ƙunar ba, kuma ƙunar na iya barin wurin da launi dabam, don haka a kare kai daga rana kai-tsaye na ƴan watanni. A kwanakin farko laima ta fi kowace hula. Bayan kwana goma ana iya sa hula mai sako-sako wadda ba ta goga wurin, amma hular kwano da duk abin da ke matse kai sai bayan mako uku zuwa huɗu. Aski da almakashi yana yiwuwa bayan wata guda, injin aski da reza a kan wurin dashen kuwa sai likita ya amince, kuma da yawa sukan ce a jira ƴan watanni. Rini da sinadaran miƙar da gashi su jira aƙalla mako huɗu zuwa shida, kuma wanda fatarsa ke da saurin ƙonewa ya ƙara a kan haka.

Alamomin da ba a jira da su

Kamuwa da ƙwayoyin cuta bayan dashen gashi ba ta da yawa, domin fatar kai tana da wadatar jini, amma idan ta faru saurin magance ta ne yake tsirar da saiwoyin. A tuntuɓi likita a ranar idan ciwo yana ƙaruwa bayan kwana na uku maimakon ya ragu, ko wuri ya ɗauki zafi yana kumbura yana faɗaɗa, ko mugunya ko wari ya fito, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko ɗinki ya buɗe. A fata mai duhu ja ba ya fitowa fili, saboda haka zafin wurin idan an kusanto da bayan hannu, da taurinsa, da ciwonsa, su ne abin dubawa. Akwai kuma wata matsala da ba ta cika faruwa ba amma tana da tsanani, wato mutuwar wani yanki na fata saboda ƙarancin jini: wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, daga baya ya rufe da baƙin ɓawo mai kauri da faɗi, wanda ya bambanta da ƙananan ɓawon da ke gindin kowane sili. Masu shan taba da masu ciwon sukarin da bai daidaita ba sun fi fuskantar wannan haɗari. Kumburin leɓe ko harshe, ko ƙuraje da suka feso a jiki gaba ɗaya, ko wahalar numfashi bayan shan magani, waɗannan na sashen gaggawa ne nan take. Haka ma kumburin ido idan ya zo da ciwo mai tsanani ko gani ya sauya, domin kumburin da aka saba gani ba ya ciwo kuma ba ya taɓa gani.

Zubewar gashi, daga mako na biyu zuwa wata na uku

Wannan shi ne lokacin da ya fi karya zuciya, kuma ya kamata kowa ya san da zuwansa tun kafin a yi masa aiki. Tsakanin mako na biyu da na takwas, yawancin silin da aka dasa zai zube. Dalili shi ne wahalar cirewa da dasawa tana tura saiwar zuwa zangon hutu, wanda yake ɗaukar kimanin wata uku, sai ta saki tsohon silin ta zauna shiru a ƙarƙashin fata kafin ta fara ƙera sabo. Babu wani mai ko magani da ke hana wannan gaba ɗaya, kuma yawan abin da ya zube ba ya nuna yadda sakamakon zai kasance.

Wani lokaci tsohon gashin da ke kusa da wurin dashen, har ma na ƙeya, shi ma yakan zube saboda girgizar da fatar ta sha, kuma an fi ganin haka ga mata da kuma waɗanda aka dasa wa gashi a tsakanin nasu da bai gama ƙarewa ba. Gashi mai ƙarfi yakan dawo cikin ƴan watanni, amma wanda dama ya riga ya sirance yana dab da ƙarewa ba lallai ya dawo ba. Sakamakon haka, a wata na biyu kai na iya zama ƙasa da yadda yake kafin aikin, kuma mutum zai ji kamar ya yi asarar kuɗinsa da wahalarsa. Wanda damuwar ta yi wa yawa ya yi magana da likitansa ya aika masa da hotuna, kuma ya guji gwada kansa da hotunan wasu a intanet, domin ba a san hasken da aka ɗauke su da shi ko watan da aka ɗauke su ba.

A daidai wannan zango ƙananan ƙuraje sukan fito a wurin dashen, sau da yawa saboda sabon sili yana neman hanyar fita. Ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi, a ɗora na minti goma sau biyu a rana, yakan isa. Kada a matse su. Idan sun yi yawa, ko suna ciwo, ko suna ta dawowa, likita zai duba ko ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Masu gashi mai murɗewa sosai suna da ƙarin abin lura, domin gashinsu a lanƙwashe yake tun daga ƙarƙashin fata, kuma sabon silin ya fi saurin komawa ciki ya haifar da ƙurji. Haka kuma fata mai duhu ta fi saurin sauya launi a inda ta ji rauni, kuma ta fi yawan yin tabo mai tudu wanda ke girma ya wuce iyakar raunin. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan tabo, ko yake fama da ƙuraje masu tauri a ƙeya, ya kamata likita ya sani tun kafin aiki. Bayan aiki kuma, idan aka ga tabon ƙeya ya fara tasowa yana ƙaiƙayi yana tauri, a je da wuri, domin allurar da ake yi a cikin tabon ta fi aiki tun yana sabo. Matan da aka yi wa dashe saboda gashin gaban goshinsu ya cinye sakamakon kitso ko ɗauri mai tsauri su sani cewa saiwar da aka dasa ba ta fi ta asali jure ja ba, kuma komawa ga matse gashi zai cinye ta kamar yadda ya cinye ta farko.

Fitowar sabon gashi

Sabon gashi yakan fara leƙowa a wata na uku zuwa na huɗu, siriri, marar kauri, kuma ba a lokaci ɗaya ba, don haka wani gefe na iya riga wani. Gashin kai yana tsawo da kimanin santimita ɗaya a wata, saboda haka sai wajen wata na shida ake fara ganin sauyi na gaske, daga nan kuma kowane sili yana ƙara kauri. Cikakken sakamako yakan bayyana tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma tsakar kai ta fi goshi jinkiri. Duba madubi kullum ba ya nuna ci gaba. Abin da ya fi amfani shi ne a ɗauki hoto sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, daga gaba da sama da gefe biyu da ƙeya, a tafi da su duk lokacin da za a ga likita.

Kare gashin da ya rage

Dashe yana sauya wa gashi wuri ne kawai, bai tsayar da sanƙon gado ba. Gashin asali da ke bayan layin da aka dasa zai iya ci gaba da sirancewa, har bayan wasu shekaru a wayi gari da gashi a gaba da fili a bayansa. Shi ya sa likitoci da yawa suke ba da shawarar magani na dogon lokaci. Minoksidil na shafawa, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don sanƙo a 1988, yana zuwa da ƙarfin kashi 2 ko kashi 5 cikin ɗari, kuma ba a komawa gare shi bayan aiki sai fatar ta warke kuma likita ya ba da rana, domin yana iya yi wa ɗanyen rauni zafi. Finasteraid, ƙwaya mai miligiram 1 da aka amince da ita a 1997 don maza, tana rage sinadarin DHT. Kaɗan daga masu shanta suna samun raguwar sha'awa ko rauni wajen saduwa, wasu kuma sauyin yanayin rai har da baƙin ciki mai tsanani, kuma duk wanda ya ga haka ya sanar da likita ba tare da jin kunya ba. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ba ta shanta kuma ba ta taɓa ƙwayar da ta fashe, saboda tana iya cutar da ɗan tayi namiji. Tana kuma rage sakamakon PSA, wato gwajin jinin da ake yi wa maza don binciken cutar dajin prostate, da kusan rabi, don haka mai shanta ya faɗa wa duk likitan da zai yi masa wannan gwaji. Magungunan biyu suna aiki ne muddin ana amfani da su, idan aka daina kuwa abin da suka riƙe yakan zube cikin watanni.

Ƙwayoyin ƙarin gina jiki da ake tallatawa don gashi ba su da wani amfani tabbatacce ga wanda jikinsa bai rasa komai ba, kuma bayotin, wani nau'in bitamin da ake sawa a irin waɗannan ƙwayoyi, idan ya yi yawa yana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, ciki har da na maƙoƙo da na gano ciwon zuciya. Wanda ake zargin yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, musamman mace, gwaji ya kamata a yi masa kafin a ba shi komai.

Idan shekara ta cika kuma cikar gashin ba ta kai yadda aka yi fata ba, sai a zauna da likita da hotunan wata-wata a tantance dalili, ko saiwoyin ne ba su kama ba, ko gashin asali ne ya ci gaba da zubewa, ko kuwa wata cutar fata ce da ba a gano ba tun farko, domin kowanne maganinsa dabam. Ba a yanke shawarar dashe na biyu kafin wata 12, kuma kafin a amince da shi dole a auna abin da ya rage a ƙeya, saboda duk saiwar da aka ciro daga can ba ta sake fitowa, kuma idan aka ɗiba fiye da kima ƙeyar kanta takan yi shara-shara ta yadda babu sauran inda za a samo gashin gyara ta.